Huɗu-Huɗu a Fagen Inno

Takardar ta iso Dutsen Marke ne a aljihun hedimasta, Malam Mele, ranar wata Alhamis cikin kakar 1977. Da ya dawo daga Kazaure, ko kekensa bai jingine da kyau ba ya aika a kira masa Malam Manasseh. Ya miƙa masa ita yana duban wani wajen, kamar yadda ake yi da labarin da ba a son faɗa da baki.

Maganar ba ta da tsawo. Gwamnati ta yaye sababbin malamai masu takardar shaida, za a rarraba su makarantu a watan Janairu, duk malamin da ba shi da takarda kuma za a sallame shi. Gurbi ɗaya aka bari. Ana neman malamin wasanni guda wanda zai riƙa zagaya makarantun ƙasar Gwiwa, shi ba a damu da takardarsa ba, aikinsa za a duba. Nan da mako shida akwai gasar tamaula ta makarantu a Kazaure, jami'in wasanni zai zauna ya kalli yaran kowa, sannan ya zaɓa.

Manasseh ya karanta sau biyu. Sau uku yana zama jarrabawar malanta, sau uku lissafi yana kayar da shi. Shekararsa goma sha uku a wannan ƙauye tun da ya baro garinsu a kudancin Zariya, kuma can ɗin ba abin da ke jiransa, domin gonar mahaifinsu tuni 'yan'uwa suka raba, suka ce ɗan boko ai alƙalami ne gonarsa. A nan matarsa Juliana ta haifi Monday da Christy, yaran da ko gaisuwa ba su iya da yaren kakanninsu ba. Gidan da suke ciki ma na malamin makaranta ne, dagaci Alhaji Daudu ya ba da shi aro. Ran da aikin ya tafi, gidan ya bi shi.

"Ai kai ne mai tamaular tamu," in ji Malam Mele. "Sai ka ɗaura ɗamara. Allah ya ba da sa'a."

To, abin da ake kira tamaula a Dutsen Marke sai wanda ya gani. Ƙwallo ɗaya ofis ya aiko, ta fata, a shekarar da aka ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, yara suka ninka sau uku. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Da an kaɗa ƙararrawa an jefa ƙwallon, yara sittin za su rufar mata kamar kaji sun ga tsaba, a bi ta bayan aji, a bi ta cikin gyaɗar hedimasta, wanda bai samu ƙwallo ba ya shuri ƙafar na kusa da shi. Akwai yaron da ya shekara guda yana wannan gudun bai taɓa sa mata ƙafa ba. Filin ma sunan fili ne kawai, gangare ne mai tsakuwa, don duwatsu sun sa garin a tsakiya, duk inda ƙasa ta kwanta kuwa an shuka ta.

Amma babban ciwon shi ne Lauwali, ɗan farin dagaci. Shekararsa goma sha biyar, a makare aka sa shi makaranta, yana aji shida, dogo, mai sanyin hali, ƙafafunsa kuwa kamar aro ya yi. Ba ya cin zali, ko murya ba ya ɗagawa. Sai dai da ƙwallo ta gangaro kusa da shi taron zai dare, kowa ya ja birki, a tsaya ana jira ya gyara tsayuwa ya buga ta inda babu kowa. Wanda ya samu ƙwallo kuma in ya hango shi, shi zai tura wa. A gida aka koya wa yaran nan: ba a wuce babba ba a rusuna ba, ba a riga shi sa hannu a akushi, balle a ƙwace abu daga ƙafarsa, balle kuma ɗan mai gari. Manasseh ya sha yin faɗa har muryarsa ta dushe. Su ce, "To, Malam," gobe a koma gidan jiya.

Ran nan da aka tashi, maimakon ya miƙe gida sai ya zaga ta bayan gari don kada ya riski Juliana da wannan fuskar. Hanyar ta bi da shi ta fagen sussukar Inno, wata tsohuwa mai bakin tsiya wadda matan unguwarsu ke taruwa wajenta su sussuka gero daga hantsi zuwa azahar. Wurin a share yake, ya daddale kamar daɓe, ba tsakuwa ba ƙaya, tsawonsa bai fi taku ashirin da biyar ba. Akwai irinsa guda uku a gefen garin. Manasseh ya tsaya yana kallo. Mutum ashirin da biyu ba za su shiga nan ba, amma takwas za su shiga, kuma in takwas ne ƙwallo sai ta zaga kan kowa ko ba ta so.

"Inno, barka da aiki. Aron fagen nan na zo yi, daga la'asar zuwa faɗuwar rana."

"Sussuka za ka yi, Malam? Yaushe ka yi gonar?"

"Yara ne za su yi tamaula."

Ta ajiye faifan hannunta, ta dube shi sama da ƙasa. "A inda nake zuba abin da zan ci? To, su share kafin su fara, su share in sun gama. Turmina kuwa duk wanda ya taɓa, da taɓarya zan raka shi har zauren ubansa."

Juliana ta ɗinka masa ƙwallayen tsumma guda huɗu, aka naɗe su da tsohuwar robar keke. Bai ɓoye mata takardar ba. Ta saurara, ta ci gaba da ɗinkinta, abin da ta ce kawai shi ne ya miƙo mata almakashi.

Ya raba yaran manyan azuzuwa huɗu-huɗu, kowane fage ƙungiya biyu, duwatsu bibbiyu a madadin raga, babu gola. Dokokinsa uku ne. Ba a ɗaga ƙwallo ta wuce gwiwa. Ba a riƙe ta fiye da taɓi uku. Ci kuma ba ya shiga lissafi sai duk mutum huɗun sun taɓa ta. Makon farko rigima aka sha, wannan ya ce ya taɓa, wancan ya rantse bai taɓa ba. A mako na biyu sai yaran da kansu suka gano cewa wanda ya manne wa ɗan'uwansa ba ya samun komai, wanda ya ja gefe ya buɗe shi ake tura wa. Manasseh yana yawo a keke daga wannan fage zuwa wancan, ƙaiƙayi cike da wuyan rigarsa, yana susa yana koyarwa.

Fagen da Lauwali yake ne kawai ya ƙi gyaruwa. Nasa ukun shi suke ba wa, abokan karawarsu kuma sai su ba shi hanya kamar liman zai wuce. An canza masa abokai sau uku, duk kanwar ja ce.

Inno tana zaune a gindin rumbu tana tsince wake, ta gaji da kallon abin. Ta yafito Manasseh.

"Malam, shekara goma sha uku kana shan ruwan garin nan, har yau ba ka san wanda ke iya taka ɗan Fulani ya kwana lafiya ba?"

"Wa ke nan, Inno?"

"Kawo masa Barebari."

Sai da ta faɗa ya ga wautarsa. Gidan dagaci Fulani ne. A ƙasan gari kuma akwai unguwar Barebari, 'yan kasuwar kanwa da suka zo daga gabas tun zamanin kakanni. Su da Fulani abokan wasa ne, duk abin da wani ya yi wa wani ba ya zama laifi, ko gaban sarki aka je dariya za a yi.

Washegari ya kwaso yaran unguwar su shida, manya da ƙanana, ya cika da ɗansa Monday, wanda a gidan su Madu yake wuni har ya ɗauki bakinsu. Madu kuwa, ɗaya daga cikin shidan, ɗan shekara goma sha biyu ne, gajere, ga sauri ga surutu. Ƙwallo na zuwa ƙafar Lauwali, yana cikin gyara tsayuwarsa, sai Madu ya bi ta gefensa ya zare ta.

"Matsa, bawan kakana. Wannan ba saniya ba ce da za ka tsaya tatsa."

Yaran da ke kallo suka dubi juna. Can sai Lauwali ya fashe da dariya, dariyar da Manasseh bai taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce, "Ɗan mai kanwa, yau sai na kama ka," ya bi shi a guje. Ran nan ya faɗi sau biyu, ya tashi yana kakkaɓe wando, ya koma gida da fara'a.

Daga nan Manasseh ya sake lalen sauran fagagen a kan wannan ma'auni. Ba ya haɗa wa da ƙane a fage ɗaya, ba ya haɗa yaro da ƙanen mahaifinsa ko da tsaransa ne. Sa'o'i yake haɗawa, da taubasai, waɗanda dama tsokana ce gaisuwarsu. Cikin wata guda abin ya zama abin kallo. Maza masu dawowa daga gona sukan tsaya da lauje a hannu suna mamakin yadda ƙullin tsumma ke yawo tsakanin ƙafafu kamar an ɗaura masa zare. Manasseh ya fara cin tuwonsa yana sauraren hirar Christy. Ya sa rai, kuma ya ji tsoron sa ran, domin a can ƙasan zuciyarsa ya san bai cire ƙayar ba, kewaye ta ya yi.

A Kazaure mutum goma sha ɗaya ake so a fili ɗaya, shi kuwa bai taɓa haɗa su ba. Wuri ɗaya ne a garin zai ɗauke su, gonar dawar dagaci, ita kuma ba za a girbe ta ba sai bayan gasar. Ya zana musu babban fili a allo da alli, ya nuna wa kowa inda zai tsaya, suka gyaɗa kai. Ya san ba a fafe gora ranar tafiya, amma ba shi da wata ranar.

Saura kwana uku, bayan an tashi daga makaranta, Lauwali ya same shi a aji ya tsuguna.

"Malam, in da hali a bar ni a gida. Na san ƙafata. A fagen Inno dai ina jin daɗi, amma can in suka gan ni kowa ni zai nema."

Manasseh ya ji kamar an sauke masa dami daga ka. Ya sa masa albarka, ya nufi ofishin hedimasta da saurinsa. Malam Mele ya saurare shi har ya gama, ya cire tabarau ya goge.

"Alhaji ya riga ya aika Kano an sayo wa yaron takalmin ƙwallo. Jiya a zaure ya nuna mana shi. Shi zai ba da motar da za ta kai ku, kuma da kansa zai je, an ajiye masa kujera cikin manyan baƙi. Yanzu wa zai je ya ce masa ɗansa ba ya ciki? Ni dai ba ni ba."

"Ranka ya daɗe, yaron ne da bakinsa ya nema."

"Yaro ya nema, ubansa bai nema ba. Malam Manasseh, baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Ka bi a hankali."

Haka ya dawo ya zauna da takardar sunaye. Ya sa Madu da 'yan unguwarsu biyu, ya sa gwanayen sauran fagagen su bakwai. Gurbi ɗaya ya rage, na Monday, wanda duk cikinsu ba wanda ya kai shi sanin inda zai ajiye wa ɗan'uwa ƙwallo. Ya soke sunan ɗansa ya rubuta Lauwali, ya mai da Monday ɗan jiran ko-ta-kwana. Da Juliana ta ji, sai ta ce, "Baban Monday, ka kyauta a idon gari. Saura idon wancan mai zaɓen."

Ranar Asabar da hantsi a-kori-kurar dagaci ta sauke su a Kazaure. Yaran da suka taho suna waƙa a bayan mota suna ganin filin suka katse waƙar. Ga shi nan shimfiɗe, an ja masa layi da farar ƙasa, raga a wannan ƙarshe, raga a wancan, tsakaninsu tafiya ce. Wani ya tambayi Manasseh a hankali ko duk nan nasu ne su kaɗai. A ƙarƙashin rumfa an jera kujeru. Jami'in wasanni yana tsakiya da littafi a cinya, Alhaji Daudu yana kusa da shi cikin babbar riga, ga wasu dagatai biyu a gefensa.

Yaran wata makaranta daga ƙasar Babura aka haɗa su da su, ƙarti-ƙarti, wasansu shi ne a narka wa ƙwallo ƙafa a bi ta a guje. Alƙalin wasa ya busa usur.

Mintunan farko Manasseh ba zai manta da su ba. Madu ya tare ƙwallo ya ba na kusa, na kusa ya mayar, ta bi ta ƙafa shida ba ta tashi daga ƙasa ba, ƙartin nan suna ta kai gwauro suna kai mari a banza. 'Yan kallo suka fara sowa. Jami'in ya gyara zama ya buɗe littafinsa. Sai ƙwallo ta isa wajen wani yaro da raga ke gabansa a buɗe. Ya ɗaga kai, ya hango Lauwali a baya cikin sabon takalmi, can bayan Lauwali kuma ga mahaifinsa zaune yana kallo. Yaron ya juya ya tura masa.

Lauwali ya gyara tsayuwa. 'Yan Babura ba su san ɗan wa ne ba, ba su kuma tambaya ba. Suka ɗauke ta, bugu biyu ta shiga raga.

Ba su daɗe ba suka gane inda kasuwa take ci. Suka ajiye mutum biyu a gefen Lauwali suna jira a kawo musu. Ana kuwa kawowa. Madu yana ta ihu, "Ga ni nan, ku ba ni, ku bar Bafulatanin nan ya huta," amma a gaban mai gari wane yaro ne zai tsallake ɗansa ya ba ɗan mai kanwa? Lauwali, abin tausayi, ya koma ɓuya. Ya je ya manne da layin gefe, suka bi shi can da ƙwallo. Ya laɓe a bayan wani ƙato, suka tsaya suna waige-waige suna nemansa har aka ƙwace. Kafin hutun rabin lokaci an zura musu uku.

Manasseh ya tara su a inuwa. Bai yi faɗa ba, roƙo ya yi.

"Ku yi abin da kuka saba. Wanda ya buɗe shi za a ba. Lauwali ma haka yake so, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Malam," in ji Lauwali, kansa a ƙasa. "Don Allah ku daina ba ni."

Suka ce, "To."

Aka koma, ba a yi minti goma ba wani ya sake kai masa, aka zura ta huɗu. Manasseh ya waiga rumfa, ya ga jami'in ya rufe littafi ya juya suna hira da na kusa da shi. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ko minti ashirin ne mutumin nan ya ga abin da ya yi mako shida yana ginawa. Ya ɗaga wa alƙalin wasa hannu, ya kira Lauwali ya fito, ya dafa kafaɗar Monday ya tura shi ciki. Wallahi a lokacin bai tuna cewa ɗansa ne ba, ƙafar yaron kawai yake gani.

Amma mutanen Dutsen Marke ba ƙafa suka gani ba. Sun ga baƙon da aka ba gida ya cire ɗan mai gari a gaban ubansa, a gaban dagatan wasu garuruwa, ya sa nasa.

Lauwali ya fito yana sauke numfashi kamar wanda aka kwance. Da ya zo wucewa ta gaban rumfa ya rusuna. Alhaji Daudu bai ɓata fuska ba, hannun rigarsa kawai ya gyara ya dubi ƙasa. Yaran da ke fili sun ga wannan duban ƙasar. Aka busa usur aka ci gaba, sai golan ya baro ragarsa yana tafe a hankali, ya ƙetare layi, ya je ya tsuguna kusa da Lauwali. Na biyu ya bi shi, na uku ma. Ba fushi suke ba, biyu daga ciki ma kuka suke yi, kunya ce ta hana su tsayawa a inda aka kori babbansu. Manasseh yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce, "Na'am, Malam," ya wuce. Su bakwai suka fita.

Saura huɗu a fili, Madu da 'yan unguwarsu biyu da Monday, ƙwallo kuma tana ƙafar Madu. Alƙalin wasa idonsa na kanta, bai lura da abin da ke faruwa a bayansa ba. Yaran huɗu suka matso kusa da juna a tsakiyar fili suka shiga abin da suka iya. Madu ya ba Monday, Monday ya mayar gefe, wancan ya tsallake ƙafar wani ƙato ya ba na ukun. Mutum goma suka yanyame su, suka kasa taɓa ta. 'Yan kallo suka miƙe tsaye suna ƙirga bugun da ƙarfi, har aka kai goma sha huɗu. Nan ne mai tutar gefen fili ya yi ta kaɗawa har alƙalin ya waiwaya, ya ƙirga kawuna, ya busa usur mai tsawo. Doka ba ta yarda a ci gaba da ƙasa da mutum bakwai ba. Aka tashi wasan, aka ba 'yan Babura.

Bayan an watse jami'in ya aika a kira shi. Mutum ne mai fara'a, har ya miƙo masa hannu.

"Malam, wa ya koya wa yaran nan huɗu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Duk goma sha ɗayan haka suke. A fagen sussuka muke yi, huɗu-huɗu. Da za ka zo ka gani ko yini ɗaya ne."

"Na yarda. Ban taɓa ganin irinsa a makarantun nan ba, kuma ba daɗin baki nake maka ba." Ya juya biro a hannu. "Sai dai wanda za mu ɗauka ƙauye goma sha biyu zai riƙa shiga. Kowanne da dagacinsa, kowane dagaci da ɗansa. Biyu daga cikinsu suna zaune a nan yau. Labarin nan zai riga kekenka isa sauran, to wa zai ba ka yaransa? Ka yi haƙuri, Malam."

Manasseh ya yi godiya, domin ba abin da ya rage sai ita. Ya fita bayan rumfa ya zauna a kan wani kututture. Bai ji haushin kowa ba, da ma ya ji da ya fi masa sauƙi. Baƙin ciki ne kawai, mai nauyi, wanda ba shi da inda za a kai ƙararsa.

Yana nan zaune Lauwali ya zo, ƙafa ba takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan. Idanunsa sun yi ja.

"Malam, ka yafe mini. Na ce su koma. Wallahi har rantsuwa na haɗa su da ita." Ya share hanci da bayan hannu. "Tun da nake ban taɓa sa su abu ba sai yau, shi ma ba su ji ba."

"Ba laifinka ba ne. Tashi ka je, Alhaji na jira."

A wajen mota dagaci ya tarbe shi da sakin fuska. "Malam, sannu da ƙoƙari. Shigo gaba mana, ai ba ka hau baya ba." Ya matsa masa wuri. Tun daga Kazaure har suka shiga duwatsun gida hirar dawa yake masa, da yadda ruwan bana ya ɗauke da wuri, da ciwon da ya kama awakin ƙanensa. Ko sau ɗaya bai ambaci tamaula ba. Da Manasseh ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Haba, wasan yara," ya koma kan awaki. Manasseh ya daɗe a ƙasar nan, ya san in babba ya hana ka ba shi haƙuri to ƙofar ta rufu. A bayan motar ba mai waƙa.

La'asar sakaliya suka iso. Juliana tana tsakar gida tana kwashe shanya, Christy na taya ta. Monday ya shige ɗaki ba sallama. Ta dubi ƙofar da ya shiga, ta dubi mijinta, ta aiki Christy ɗebo ruwa.

Manasseh ya zauna a bakin ƙofa, ya faɗa mata duka, bai rage nasa laifin ba. Ta saurara tana ninke zane a kan hannunta. Da ya gama sai ta ɗaga kai tana bin gidan da kallo, ɗakin girki da ta yaɓe da hannunta, da akurkin kaji, da zogalen da ya wuce katanga.

"Janairu ke nan," in ji ta.

"Janairu."

Ta ajiye zanen a kan sauran. "Ranar kasuwar Gwiwa ka sayo buhuna da igiya. Randar ba za ta ɗauku ba, sai mu bar wa wanda zai shigo."